Dardumar Masu Ƙara da Tukunyar Tanimu

An yi wani sarki a Birnin Dausayi, a wani zamani da ya shuɗe, sunansa Mu'azu, mutum mai kwarjini da son tsabta, wanda ba a taɓa kama shi da cin dukiyar talaka ba, sai dai Allah ya jarrabce shi da saurin fushi, da kuma saurin rantsuwa idan ya fusata. Ya ku masu karatu, ku riƙe waɗannan halaye biyu da kyau, domin a kansu labarin zai juya.

Cikin abin da ya gada daga mahaifinsa akwai wata babbar darduma, saƙar ulu a kan zaren auduga, ja mai duhu, an kewaye ta da shuɗi da ruwan ƙwai, wadda fatake suka kawo daga gabas tun zamanin kakansa. Ana kiranta Dardumar Masu Ƙara. Al'adar gidan ita ce a shimfiɗa ta kowace safiya a gaban karaga, kuma duk wanda aka zalunta, manomi ne da ya fito daga gona ko majemi da ya baro jima, muddin ya ɗora ƙafarsa a kanta, to babu dogarin da ya isa ya janye shi sai sarki ya ji ta bakinsa. Mai kula da ita wani dattijo ne mai suna Tanimu, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Shimfiɗa. Shekara talatin ya yi yana share ta bayan an tashi daga fadanci, yana kakkaɓe ta, yana shanya ta duk ranar Alhamis, har ya fi sanin zanenta a kan layukan tafin hannunsa.

Da Mu'azu ya hau gadon sarauta, bai yi wata uku ba sai ran nan wani majemi ya shigo da ƙara, ƙafafunsa jiƙe da ruwan jima, ya tsaya a tsakiyar dardumar yana ba da bayani, wari na tashi. Sarki ya yi masa shari'a ta gaskiya, amma idonsa na kan sawun da mutumin ya bari. Wazirinsa kuwa, Ɗalhatu, malami ne mai fasahar magana, sai dai yana cikin mutanen nan da suke fara karanta fuskar shugaba kafin su karanta al'amari. Da ya ga inda idon sarki yake, sai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kayan gado irin wannan ba na tattakawa ba ne. Da za a naɗe ta a kai taska, a riƙa kawo ƙararraki zaurena ina tacewa, da an kiyaye darajar magabata, an kuma hutar da Sarki."

Maganar ta yi wa sarki daɗi. Ya ba da umarni a naɗe darduma, a jingine ta a ƙuryar taska, kada wanda ya kuskura ya warware ta sai da izininsa, mabuɗi kuma ya zauna a hannun Tanimu. Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a bar shi ya riƙa fito da ita tana shan rana ko da sau ɗaya a wata. Sarki ya ce rana tana cin launi, a bar ta inda take. Bayan shekara ya sake roƙo ta hannun Waziri, aka ce masa tsufa ya fara sa shi naci. Daga nan ya daina roƙo, ya riƙa buɗe taskar yana share ƙasa, yana kallon dardumar a naɗe, ba shi da ikon taɓa ta. Haka aka yi shekara bakwai. Masu ƙara suka koma zauren Waziri, inda ake ce musu su dawo gobe, har da yawansu suka gaji suka bar wa Allah.

Ana nan sai ga wasiƙa daga sarkin wata ƙasa mai nisa, yana cewa labarin Dardumar Masu Ƙara ya iso masa, kuma zai zo da kansa bayan kwana arba'in don ya gan ta da idonsa, ya koyi yadda ake adalci. Sarki Mu'azu ya ji daɗi ƙwarai, ya sa a fito da ita. Aka ɗauko, aka warware a gaban fadawa. A wurare biyar ulun ya tafi sarai, wani wurin kamar faɗin faifai, wani kamar tafin hannu, babu abin da ya rage sai farin zare a fili kamar sanƙo.

Sarki ya miƙe tsaye, ya ce, "Wallahi duk wanda ya jawo wannan ɓarna sai ya bar ƙasata, ba zai sake shan ruwan Dausayi ba!" Aka aika dogarai gidan Tanimu, suka bincike, suka dawo da wata tukunya an rufe bakinta da fata. Da aka buɗe, sai ga ta cike da guntayen ulu, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, launin dardumar sak.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, hujja ta bayyana, ba ta bukatar sharhi. Mabuɗi a hannunsa yake, ulu a ɗakinsa yake. Fige ta yake yi a hankali yana tarawa."

Tanimu ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, na shara ne, na shara ne," kuka ya hana shi ƙarasawa, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye shi abin da yake nufi. Abin tausayi ne ganin mutum ɗan shekara saba'in, wanda kaburburan iyayensa da na matarsa suke bayan ganuwar garin, ana shirin kora shi inda bai san kowa ba. Sarki ya sa aka tsare shi, ya kuma sa aka yi shela cewa duk wanda ya gyara darduma kafin baƙo ya iso, ya kuma tabbatar da musabbabin ɓarnar da hujja, zai sami lada mai girma; idan kuwa kwana arba'in suka cika ba a sami wata hujja da ta ture ta Waziri ba, to a ranar za a raka Tanimu bakin iyaka.

Gwanaye suka yi ta zuwa. Babban maɗinkin fada ya ce a yanko jan mulufi a lilliƙa a wuraren. Wani marini ya ce a shafa wa farin zaren jan rini, daga nesa ba mai ganewa. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce a datse wuraren da suka lalace a haɗe sauran, ko da za ta koma rabin girmanta. Sarki ya kore su duka, fushinsa na ƙaruwa.

A rana ta huɗu wani tsoho ya yi sallama a ƙofar fada, da 'yar jakar fata a rataye, rigarsa duk ɗinki amma fes. Sunansa Malam Jatau, ana ce masa Mai Basilla, saboda babbar allurar da ba ya rabuwa da ita. Zamansa a gindin wata tsamiya ne kusa da marina, inda matan gari suke aiko masa da dardumar da garwashi ya ƙona, ko wadda bakinta ya zare, ko wadda yara suka zubar wa miya. Fadawa suka dube shi suka yi murmushin raini, shi kuwa ko a jikinsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, ina neman izini a kife mini ita."

Waziri ya ce, "Dattijo, ɓarnar a fuska take, me za ka gani a baya?"

Malam Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, fuskar an yi ta ne don baƙi. Mu masu gyara ta baya muke dubawa, domin a nan ne duk hannun da ya taɓa ta yake barin shaida."

Aka kife ta. Tsoho ya cire takalmi, ya durƙusa, ya riƙa bi da yatsa sannu a hankali kamar mai bin layin karatu. Can ya tsaya a wata kusurwa, ya ce, "Nan wuta ta taɓa ci, shekaru da yawa da suka wuce, garwashi ne ya faɗo, ya huda ta har ƙasa. Wanda ya gyara ya san aiki. Ya yanke ƙonannen wurin tsaf, ya ɗauko sabon zare ya soma kafa shi tun daga cikin lafiyayyen wuri, yatsa uku kafin ramin, ya ƙetare da shi ya kafa yatsa uku a ɗaya gefen, sannan ya ratsa abawa ya mayar da ƙulle-ƙullen ulu. Wanda ya kafa zare a bakin rami kawai, aikinsa ba ya kai damina biyu."

Sarki kuwa ya tuna. Shi ne ya ture kaskon turare a wurin yana ƙarami, kuma Tanimu ne ya gyara kafin tsohon sarki, mahaifin Mu'azu, ya dawo daga rangadi, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma fushi bai bar shi ya furta ba.

Malam Jatau ya matsa gaba, ya ce, "Nan kuma tawada ce ta zube. Wanda ya tarbe ta bai goga ba, da ya goga da ta nutse ta bazu. Dannawa ya yi ta yi da tsumma da ruwan sanyi, yana farowa daga gefen tabon zuwa tsakiya, shi ya sa ba a ganinta ta fuska. Ga bakin nan kuma, ya taɓa fara zarewa, aka naɗe shi da zare mai ƙarfi tun kafin zarewar ta isa ga ƙulli, aka kuma ɗaure gezar bibbiyu don kada ta ci gaba da warwarewa."

Sarki ya ce, "Malam, ban kira ka don tsofaffin raunuka ba. Waɗannan biyar ɗin, wa ya yi su?"

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi fuskar sarki, ya ga jijiyar goshinsa a tashe. Shi kuwa mutum ne da ya san ba a goga tabo da zafi-zafinsa, kuma ya san haka zuciyar mai mulki take. Sai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, zan gyara, kuma zan faɗi mai laifi da hujjar da ido zai gani, amma sai ranar da na gama. Abu uku nake roƙo: a fitar mini da ita fili inda rana take, a ba ni tukunyar nan da aka samo, a kuma ba ni fursunan ya zauna kusa da ni, domin babu wanda ya san zanen nan kamarsa."

Waziri ya ce ba a mayar wa ɓarawo kayan da aka kama shi da su, kuma shi da kansa zai sa a kawo sabon ulu mafi tsada a kasuwa. Aka kawo. Malam Jatau ya ɗauki zare ɗaya na sabon ja ya ɗora a kan dardumar a cikin hasken rana, ya ɗauki ɗaya daga tukunya ya ɗora kusa da shi. Sabon ya fito yana ƙyalli, ko daga ƙofar zaure ana hango shi, na tukunyar kuwa ya ɓace a cikin 'yan'uwansa, sai da aka lalubo shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe Waziri, wannan jan naka jariri ne, wancan kuwa ya sha rana da ƙafa shekara da shekaru. Ba a rina tsufa a marina." Sarki ya ce a ba shi abin da ya nema.

Aka fito da Tanimu, ya rame, idanunsa sun faɗa. Da suka keɓe a inuwar rumfa, ya ce, "Malam, wallahi ban fige ta ba."

Malam Jatau ya ce, "Na sani, Sarkin Shimfiɗa, tun kafin in durƙusa na sani. Share hawayenka ka miƙo mini sandan can, aiki ne a gabanmu."

Ba su fara da allura ba. Kwana uku suka yi suna rataye ta a kan azara suna bugun bayanta, suna shanya ta, suna juyawa, suna bin kowane layi da tsintsiya mai tauri. Abin da ya zubo Malam Jatau bai bari an zubar ba, ya tattara shi a ƙwarya ya rufe. Sannan suka wanke ta da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, domin ruwan zafi zai sa jan ya malala cikin ruwan ƙwai, suka shimfiɗa ta a kwance har ta bushe. Daga nan ya ɗaure wurin farko a kan katako huɗu don ya miƙe, ya ƙirga ƙulle-ƙullen da suke daidai da shi a ɗaya ɓangaren, tun da zanen dama shi ne na hagu, ya soma aiki. Tanimu na zaɓo guntun ulu yana miƙa masa, shi kuma yana zagaya shi a kan zare biyu da basilla, ya ƙulle, ya danna da matajin ƙarfe, idan layi ya cika ya bi da almakashi ya daidaita tsayinsa da na maƙwabtansa. Aiki ne mai cin ido da baya, wanda yini guda ba ya wuce faɗin yatsa uku.

Wata rana suna cikin aiki Malam Jatau ya ce, "Wa ya koya maka tara waɗannan?"

Tanimu ya ce, "Wanda na gada. Ya ce mini duk abin da tsintsiya ta ɗebo daga jikinta kada in zubar, in tsince in adana, wata rana za ta nemi abinta. Da shi na gyara ƙunar nan da ka gani."

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "To ga shi ta nema, ta kuma nemi wuyanka tare da shi. Miƙo shuɗi."

Wurare huɗu suka rufe, har Tanimu kansa sai ya shafa ta baya yake gane inda suke. Amma da suka zo na biyar, wanda yake tsakiya, daidai inda mai ƙara yake tsayawa, tukunya ta ƙare, ya rage kamar faɗin tafin hannu. A ranar kwana talatin da tara suka cika. Tanimu ya dubi tukunya, ya dubi farin zare, gabansa ya faɗi. Malam Jatau ya ce ya kwantar da hankalinsa, wannan wurin yana da amfani a haka.

Kashegari da hantsi fada ta cika maƙil. Aka shimfiɗa darduma, fadawa suka yi ta salati don mamaki, sarki ya sauko ya zagaya ta yana neman wurare huɗun bai same su ba. Sannan ya nuna na tsakiya, ya ce, "Wannan fa? Kuma ina mai laifin da ka yi mini alkawari?"

Malam Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a nan hujjar take. Ina roƙon Sarki ya sa hannunsa mai albarka ya fige mini ƙulli ɗaya daga lafiyayyen wuri." Sarki ya kama ya ja, bai fito ba sai da ya sa ƙarfi, kuma da ya fito sai zaren da ke ƙasa ya karkace, maƙwabtan ƙullin suka tattare. Tsoho ya ce, "Ƙulli ɗaya ke nan, dubi abin da ya yi wa zare. Yanzu Sarki ya dubi wurin ɓarnar. Zaren a miƙe yake sambal, ko ɗaya bai gurɗe ba. Hannu idan ya fige yana karkata zare, wuƙa tana yanke shi, wuta tana cinye ulu da auduga gaba ɗaya. Halitta ɗaya ce take cin ulu ta bar auduga, domin auduga ba abincinta ba ce."

Ya buɗe ƙwaryar da ya adana, ya miƙa. A ciki akwai wani abu kamar yashi mai launin ja, da 'yan kwasfa farare sirara, da matattun ƙwari ƙanana. Ya ce, "Asu ne, ranka ya daɗe. Ga kashinsa, ga rigunan da 'ya'yansa suka tuɓe. Ulun da ya ɓace ba ya cikin tukunyar kowa, ya zama wannan garin. Na tukunya kuwa kawunansu a goge suke, ƙafafun mutane ne suka goge su, tsintsiya ta ɗebo, wannan bawan Allah ya tsince su ɗaya bayan ɗaya shekara talatin. Ba don tukunyarsa ba, da yau babu abin da za a nuna wa baƙo."

Waziri ya yi gyaran murya, ya ce, "Ko da asu ne, ai mai mabuɗi shi ke da alhakin tsaro."

Malam Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, asu ba ya tsoron mabuɗi. Abu uku yake tsoro: rana, da tsintsiya, da tafin ƙafa. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban taɓa ganin ya ci wurin da ake takawa kullum ba. Ƙarƙashin gado yake ci, da bayan akwati, da abin da aka naɗe aka jingine a duhu. Shekarun da majema da manoma suke taka wannan darduma, ƙura kawai suka bar mata, ita kuwa tsintsiya tana maganinta. Sarki ya tambaye ni wanda ya jawo ɓarna. Amsata ita ce, wanda ya hana ta rana, ya hana ta tsintsiya, ya hana ta ƙafafun talakawa. Ni baƙo ne a fada, ban san ko wane ne ba."

Dogarai suka sunkuyar da kai, Waziri ya riƙa gyara rawanin da bai kwance ba. Sarki ya daɗe yana kallon farin zaren nan, sannan ya juya ga Tanimu, ya ce, "Baba Tanimu, sau nawa ka roƙe ni in bar ka ka shanya ta?"

Tanimu ya ce, "Sau biyu, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Sau biyu, kuma sau biyu na hana. Ku shaida, jama'a, ni ne mai laifin. Waziri ya ba da shawara, amma bakina ne ya ba da umarni. Kuma ƙunar da ke kusurwar can ni na yi ta ina yaro, wannan dattijo ya rufa mini asiri, ni kuwa na tashi in tona nasa a kan laifin da bai yi ba." Ya ce, "Na rantse mai laifi zai bar ƙasar nan. Malam, yaya zan yi da rantsuwata?"

Malam Jatau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, rantsuwa tana da kaffara, malamai suna nan za su faɗa maka yadda ake yi. Mu a sana'armu ba ma jefar da darduma don ta huje. Lafiyayyen wuri muke nema mu kafa zare a cikinsa, kuma Sarkin da ya iya cewa ni ne a gaban fadawansa, lafiyayyen wurinsa yana da faɗi."

Sarki ya cire takalmansa, ya tako ya tsaya a tsakiyar darduma, inda masu ƙara suke tsayawa, ya fuskanci Tanimu, ya ce, "Al'adar gidan nan ita ce wanda ya tsaya a nan ba a janye shi sai an ji shi. Baba, ina neman gafararka, kuma ba zan sauka ba sai ka amsa."

Tanimu ya fashe da kuka, ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe, duniya da lahira. Sai dai ni ma ina da roƙo. A bar ni in riƙa share ta."

Fada ta ɗauki dariya da kabbara a haɗe. Sarki ya tuɓe jar alkyabbarsa ta ulu, ya miƙa wa Malam Jatau, ya ce a zare daga jikinta a cike wurin da ya rage. Tsoho ya ce sabon ja ne, zai fito daban, kowa zai gan shi. Sarki ya ce, "Haka nake so. Ya zauna a gaban idona har ranar da ƙafafun mutane za su goge shi ya yi daidai da sauran."

Ya mayar da Tanimu kan muƙaminsa, ya tufatar da shi a gaban jama'a, ya umarci Waziri ya rufe zauren tace ƙara, ya riƙa tsayawa a ƙofa da kansa yana shigo da masu kuka. Malam Jatau kuwa aka ba shi gida da gona da riguna na girma, aka ce ya zauna a majalisa cikin masu ba da shawara. Ya karɓa da godiya, bisa sharaɗin a bar shi ya riƙa komawa gindin tsamiyarsa bayan azahar, domin matan gari suna da dardumomin da suke jiransa.

Da baƙon sarki ya iso bayan kwana biyu, ya tarar da fada cike da mutane, ga wata mai sayar da daddawa tsaye a tsakiyar darduma da ƙurar kasuwa a ƙafarta, tana zuba bayani, Sarki Mu'azu na saurare. Ya lura da wani wuri ja mai haske a ƙarƙashin ƙafarta, ya tambaya, sarki ya ba shi labari bai ɓoye komai ba. An ce shekara goma sha ɗaya aka yi kafin wurin nan ya saje da sauran, kuma Tanimu ya rayu har ya ga ranar.

To, ya ku masu hankali, ku sani adalci ba kayan taska ba ne. Ƙafar mai ƙara ba ta ɓata shi, ko da ta zo da taɓo. Abin da yake cinye shi shi ne a naɗe shi a jingine don gudun kada a taka. Allah ya sa mu cikin masu shimfiɗa shi kowace safiya.